Tayar da Tsohuwar Motar Gudu a Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Casis da Tankin Mai

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu son tayar da tsofaffin motoci masu ƙofa biyu a nan Jos da kewaye, irin su Datsun 240Z da 280ZX, Toyota Celica, Ford Capri, Mercedes SL, Mazda RX-7 da MX-5, da Peugeot 504 mai ƙofa biyu. Maganar ta tsaya ne a kan ƙarƙashin mota da tankinta. Inji da kujeru da fentin sama zancensu daban.

Motar ta yi shekara da shekaru a yashe a bayan gida. Ta ina zan fara?

Kada ka fara da makulli. Kowa hannunsa ƙaiƙayi yake yi ya ɗaura batir ya ji ko injin zai amsa, amma abin da ke cikin tankin nan ya daɗe da tashi daga fetur. Ya zama wani jan ruwa mai danƙo da warin tsohon fenti, ga tsatsa da ruwa kwance a ƙasansa. Kana murɗa makulli famfon mai zai zuƙo shi ya kai kafireto, aikin da yake na tanki kaɗai ya koma na hanyar mai gaba ɗaya.

Kafin ma a taɓa sifana, a duba takardu. Yawancin irin waɗannan motoci na iyaye ne, kuma da yawa masu su sun riga mu gidan gaskiya. In motar gado ce, a zauna da magada a yi mata kuɗi tana yadda take, ta faɗa rabon wani ko ya saya, kowa ya shaida. Yau da 'yan gwangwan ne kawai ke taya ta ba mai waiwayarta, amma ranar da ta fito tana sheƙi za ka ji ana cewa "ai motar Baba ce."

Bayan wannan sai a cire batir, a fitar da kujeru da kafet da soson da ke ƙarƙashinsa, a wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi har laka ta ƙare. Duk abin da za ka kwance ka ɗauke shi hoto a waya tukuna. Notuna kuma kowane rukuni da ledarsa da takardar sunansa a ciki, domin bayan wata shida ba za ka tuna komai ba.

Mu ba ma zuba gishirin narkar da ƙanƙara a titi kamar Turai, wanda ke cin ƙarfen mota. To me ya kawo mata tsatsa haka?

Ruwa ne da ya samu wurin zama. Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, damina kuma daga Afrilu har Oktoba, ga sanyin dare da raɓa. Jar lakar nan tamu kan cushe a saman taya, da bayan fitilu, da cikin kwararon ƙarfen da ke ƙasan ƙofa. Waje ya bushe, amma cikinta yana riƙe da danshi kwana da kwanaki, ƙarfe yana jiƙe ba wanda ya gani.

Rana kuma ta busar da robar gilashi ta tsage, ruwan sama ya dinga sulalawa ciki, soson ƙarƙashin kafet ya shanye ya riƙe. Shi ya sa za ka ga mota samanta lafiya lau, ka ɗaga kafet ka hango ƙasa. Wadda aka ajiye a kan ciyawa ko turɓaya aka lulluɓe da tamfol ta fi kowacce wahala, don danshin ƙasa yana tasowa ba shi da mafita. Ƙara da ganyen mangwaro da ya toshe magudanan ruwa, da fitsarin ɓera, da ruwan batir da ya yi shekaru yana ɗiga.

Wadda aka shigo da ita ta hannu daga Turai, ko ta daɗe a Legas ko Fatakwal, da gishirinta ta iso. Kuma yawancin motocin shekarun 1970 ba a lulluɓe ƙarfensu da zin, wato farin ƙarfen da ke hana tsatsa, ba tun daga masana'anta. Porsche ta fara yi wa bodin 911 gaba ɗaya haka a samfurin 1976, kamfanoni da yawa sai daga baya.

Yaya zan bambance tsatsar sama da wadda ta ci ƙarfe?

Da sukuddireba da ƙaramar guduma da maganaɗisu. Ka soki wurin da ƙarfi, kada ka ji tausayinsa. In ya huje yanzu, da ma hujajje ne, fenti ne ya rufa masa asiri. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi in an ƙwanƙwasa, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji dum, garin tsatsa yana zubowa. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa, wato kwaɓin da fanalbita ke cike rami da shi kafin fenti. Irin wannan mota kyan ɗan maciji gare ta, kuma a ƙarƙashin filar nan ana samun ragar sauro da kwalin siminti da gwangwanin madara.

Kowace mota da inda take ruɓewa. 240Z ƙarƙashin batir, da daɓen ƙafa, da dogayen kwararon da ke bin ƙasan daɓen, da ramin safaya taya. Mercedes SL ta 1971 zuwa 1989 bangon da ke tsakanin inji da direba, ƙasan gilashin gaba, inda fankar iska take. Ruwa kan taru a nan ya ci bangon ba ka gani ba. MX-5 ƙasan ƙofa ta wajen tayar baya, saboda toshewar magudanar ruwan rumfa. Capri saman shokazoba na gaba da ginshiƙan da ƙofofi ke rataye.

Wasu na cewa a ɗaga bodi daga kan casis. Tawa na duba ban ga inda suka rabu ba.

Ba kowace ke rabuwa ba. Triumph Spitfire da TR6 suna da casis daban da ake kwance notuna a ɗage bodi. Datsun Z, Celica, Capri, MGB, SL da MX-5 kuwa bodin ne casis ɗin: daɓe, da kwararon ƙasan ƙofa, da ginshiƙai, su ne ke ɗauke da motar. Don haka ramin da ke ƙasan ƙofa a irin waɗannan ba maganar ado ba ce. A mota marar rufin ƙarfe ma abin ya fi tsanani, domin babu komai a sama da zai taimaka. In ka ɗaga ta da jak ka ga ƙofa ta ƙi rufuwa, ko tazarar bakin ƙofa ta canja, tsakiyar motar ta saki.

Zan iya ɗora ta a kan bulo in shiga ƙarƙashi?

A'a. Bulon siminti ba ya gargaɗi, farfashewa yake yi lokaci guda, balle irin wanda yashi ya fi siminti yawa. Jak ma na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Ka samu ƙafafun ƙarfe huɗu na ɗora mota, a kan daɓen siminti mai daidai, ka tura tayoyin da ka cire ƙarƙashi don ko ta kwana, ka girgiza motar da ƙarfi kafin ka sa kanka. A ruɓaɓɓiyar mota kada ka amince da wurin jak na asali, sau da yawa shi ne ya fara mutuwa. Yara kuma a hana su wasa a wurin.

Me zan iya yi da hannuna, me kuma ya zama dole in nemi mai sana'a?

Kaso mafi yawa na aikin nan naka ne: kwancewa, kankarewa, wankewa, aunawa, yanka kwali a siffar facin da za a yi, shafa maganin tsatsa da fenti. Ba ya son gwaninta sosai, lokaci yake so, kuma lokaci shi ne abin da kake da shi a gida wanda gareji ba shi da shi. Mai gareji yana da motoci goma suna jira, ga yara da zai sallama da yamma. Ba zai kwana uku yana kankare kwalta daga daɓe don ya ga abin da ke ƙasa ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda zai biya shi kuɗin wannan. Kai kuwa noti ɗaya da ya ƙi motsi za ka iya jiƙa shi da man sassauta tsatsa kullum har mako guda, maimakon a karya shi a minti biyu.

Abin da za ka bar wa gwani shi ne waldar wuraren da ke ɗaukar nauyi: inda shokazoba da sifirin suka zauna, mariƙin sitiyari, wurin ɗaure bel, kwararon ƙasa. Amma ka kira shi gida in da hali, ka shirya masa wurin fes, ka tsaya a kansa. Ka yi ciniki a kan kowane faci, ba a kan motar gaba ɗaya ba. Wanda aka yi wa jimla sauri zai yi.

Kankarewa na da nata haɗarin. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, tsofaffin takalman birki kuma asbestos, don haka takunkumi na ƙwarai da tabarau dole ne, kuma kada ƙurar ta bi iska ta shiga inda mata ke girki. Feshin yashin rafi don cire tsatsa yana lalata huhu. A bar shi.

Mai waldar unguwarmu gwani ne a ƙofofi da tagogi. Ba zai iya ba?

Wataƙila hannunsa ya iya, amma injinsa bai dace ba. Ƙarfen bodin mota kaurinsa wajen milimita 0.8 zuwa 1 ne, na wuraren ƙarfi 1.2 zuwa 2. Waldar lantarki ta sanda huda shi take yi, sai a koma cike rami da tarin ƙarfe. Waldar gas, wadda fanalbita suka saba da ita, tana yi, sai dai zafinta yana bazuwa ya lanƙwasa faranti. Wadda ta fi dacewa ita ce MIG da siririyar waya ta milimita 0.6, ana ɗiga ta kaɗan-kaɗan nan da can ana barin wuri ya huce.

Ko wace iri ce, ga abin da za ka nace a kai. A yanke ruɓaɓɓen ƙarfe har a kai ga mai haske, kada a manna faci a kan tsatsa. Facin ya zama kauri ɗaya da na asali, baki da baki. Kada a yi da kwanon rufi ko ƙofar tsohon firji. Ƙarfe mai zin ma hayaƙinsa yana sa zazzaɓi in ba a goge zin ɗin daga bakin walda ba. Kafin a yanke ƙasan ƙofa, a gitta ƙarfe a bakin ƙofar a ɗana shi da walda don kada motar ta lotsa, kuma a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan. In ka ji an ce "Oga bar shi kawai, fila za ta rufe," to ka san inda aka dosa.

Tanki da bututun mai su bar motar kafin tartsatsi na farko. Mutum ɗaya ya tsaya a ɗaya gefen farantin da abin kashe gobara, domin kwalta da soso ta baya suke kamawa, kuma kada a kulle wurin a tafi sai an yi rabin awa ana dubawa.

Ta yaya zan san casis ɗin bai karkace ba?

A daidaita motar a kan daɓe, a ɗauki zare mai nauyi a baki irin na magina, a sauke shi daga wurare huɗu da suke da takwarori hagu da dama, misali notunan mariƙin ƙafar gaba da na baya, a yi alama a ƙasa. Sai a auna a gicciye: gaban hagu zuwa bayan dama, gaban dama zuwa bayan hagu. In bambancin bai wuce milimita 3 ba, ka gode Allah. In ya kai kaurin yatsa, ta taɓa cin karo, kuma wannan aikin masu injin jan casis ne. Ɗaure mota a bishiya a ja da sarƙa ba gyara ba ne.

Bayan walda me zan shafa? An ce baƙin mai ya wadatar.

Baƙin mai yana hana tsatsa na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma yana kumbura robobi, yana tara ƙura, damina ɗaya ta wanke shi, kuma fenti ba zai sake kama wurin ba. Kwalta ta fi shi illa: in ta bushe sai ta tsage, ruwa ya shiga bayanta ya zauna, waje baƙi wuluk ciki yana ruɓewa.

Tsarin da ke ɗorewa shi ne a goge ƙarfe, a shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik wanda ke mayar da ragowarta baƙa, a wanke maiƙo, a sa firaima ta ifoksi, a bi bakin kowace walda da abin toshe gaɓa, sannan fenti. Da burushi ma ya yi, ba mai leƙa ƙarƙashi don ya ga sheƙi, kuma ya fi feshi aminci ga huhunka. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, shi ne fesa kakin hana tsatsa cikin kwararon da hannu ba ya shiga, domin bayan kowace walda akwai ƙonannen ƙarfe tsirara. Ƙananan hujojin da ke ƙasan ƙofa da kwararo na fitar ruwa ne. Fanalbita da yawa suna toshe su don wai aiki ya yi kyau. Ka bi su da waya ka buɗe.

Wane lokaci ya fi dacewa da wannan aiki a Jos?

Daga Nuwamba zuwa Maris. A watan Agusta ƙarfen da ka goge da safe kafin la'asar ya yi ja. Hunturu kuma matsalarsa ƙura da sanyi: ifoksi ba ya bushewa da kyau in sanyi ya sauka wajen digiri 10, abin da daren Disamba da Janairu kan kai a nan. Ka yi shafe da hantsi, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Yaya ake sauke tanki lafiya?

A fili, ba cikin gareji a rufe ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa har inda kurfoti ko risho ko janareton maƙwabci yake, wutar ta biyo shi ta dawo. Ka zagaya gidan ka tabbatar ba wuta ko'ina, ka gaya wa uwargida tun da wuri. Cire batir, a fara da waya marar wuta. A zuƙe man da famfon hannu, ba da baki ba, cikin mazubin ƙarfe da ke ajiye a ƙasa. A busasshiyar iskar hunturu rigar leda da jarkar roba suna iya haifar da tartsatsi, irin ƙyas ɗin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota, don haka kayan auduga za ka sa. Notin da ya ƙi kwantuwa a bi shi da mai da haƙuri. Ba giranda, ba wuta.

Abin da ya fito kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya, kuma kada a bai wa kowa ya hura wuta da shi. Tankin da ya sha fetur mai dalma shekara da shekaru, kafin a daina sayar da irinsa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara a farkon 2006, lakar da ke cikinsa guba ce. A rufe a kai wa masu karɓar baƙin mai.

Tankin ba ko ɗigon mai, ya yi shekaru a bushe. Me zai hana a yi masa walda?

Wannan tambaya ita ce ta fi kowacce muhimmanci a nan. Tankin da ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari. Ruwan fetur ba shi ke fashewa ba, tururinsa ne, kuma sai ya gauraya da iska tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari. A cikakken tanki tururin ya yi yawa, iska ba ta isa ba. A wanda aka juye kuwa haɗin ya yi daidai. Tankin 240Z lita 60 yake ci, kuma cokalin fetur guda ya isa ya cika shi da irin wannan haɗi. Wannan cokalin yana nan maƙale a gaɓoɓin ƙarfe, da bayan shingayen ciki, da cikin danƙon da ya bushe. Da ya ji zafi sai ya tashi. Hancinka ba ma'auni ba ne.

Dabarun da ake yi a bakin hanya duk mun san su. Wani ya cika tanki da ruwa, amma dole a bar sarari daidai inda za a yi waldar, kuma nan tururin ke taruwa. Wani ya zura tiyo daga salansa ya ce hayaƙi ya kori fetur, alhali hayaƙin kansa yana ɗauke da iska da man da bai ƙone ba. Wani ya kanga wuta a bakin tanki daga nesa wai ya ƙone saura. Za a ce maka "shekara ashirin muna yi haka." Sa'a ce, kuma ba a tsakar gidanka da yara za a gwada ta ba. Masu yin abin bisa ƙa'ida dafa tankin suke yi da tururin ruwa ko ruwan soda mai zafi na sa'o'i, su cika shi da gas marar kama wuta, su auna da na'ura. A gida dai doka ɗaya ce: ba walda, ba giranda, ba injin huji a jikin tsohon tanki.

To yaya zan wanke cikinsa?

Mataki biyu ne, kuma ba a tsallake na farko. Asid ba ya cin danƙon fetur, don haka sai an fara cire maiƙo. Cire ma'aunin mai da duk abin da yake na alminiyam ko roba, toshe ƙofofi, zuba ruwan zafi da sabulun cire maiƙo mai ƙarfi, jefa guntun sarƙa ko notuna, ku kama ku biyu ku yi ta jijjigawa kuna juyawa. Sarƙa ta fi, don ita da ka kamo baki ɗaya ta fito duka. Notuna kuwa ƙirga su za ka yi kafin da bayan, ɗaya yakan maƙale a bayan shinge. Tsakuwa kada ta shiga. A maimaita har ruwa ya fito garau.

Sannan tsatsa. Asid ɗin fosforik ya fi, domin yana barin wani toka-tokan rufi da ke kare ƙarfe. In bai samu ba, sitirik da masu sayar da kemikal ke da shi yana yi, wajen giram 50 zuwa 100 a lita ta ruwan ɗumi, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ana juyawa. Ruwan kal ma yana yi, sai dai a hankali. Kada a rufe tankin ruf yayin da asid ke ciki, yana fitar da iska. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil kuwa a nisance su, suna cin lafiyayyen ƙarfe tare da tsatsar. Bayan sitirik ko kal a ɗauraye da ruwan bakin soda irin ta yin kek, a ɗauraye da ruwa, a busar nan take a rana tare da hura iska. In ka bari ya kwana a jiƙe, da safe ya sake yin ja.

Gwajin yoyo: toshe ƙofofi, hura iska da famfon keke, kada ta wuce psi 2 ko 3 a ma'aunin iskar taya, shafa ruwan omo a jiki ka nemi kumfa. Kwamfiresa kumbura tanki take yi.

In shafa masa rufin ciki, ko in nemi wani?

In bayan wanki ƙarfen ya fito lafiya ba huji, ni ba na ganin dalilin shafa komai. Zuba mai kawai. In akwai 'yan hujoji kamar bakin allura, rufin ciki, wato ruwan da ake zubawa ya bushe ya lulluɓe cikin tanki, irin na kamfanin POR-15 ko Caswell, yana toshe su. Sharaɗinsa tankin ya bushe ƙayau. A zuba, a juya ta kowane gefe, a tsiyaye saura, a hura iska ta bututun mai da na numfashi don kada su toshe, a bar shi iya kwanakin da aka rubuta a gwangwani, wasu har huɗu. Wanda aka shafa a kan danshi ko maiƙo saɓulewa yake yi ya toshe hanyar mai, kuma cire shi ya fi wankin farko wuya.

In saman tankin ya zama rariya, ko gaɓar tsakiya ta ruɓe, a haƙura. Ana ƙera sababbi na 240Z da MGB a waje. Ko kuma gwanin ƙira ya yi maka sabo da sabon faranti, tsohon ya zama abin kwaikwayo. Sabon ƙarfe bai taɓa ganin fetur ba, waldarsa ba haɗari. A tuna masa da shingayen ciki da ke hana mai tangaɗi a kwana, da bututun numfashi.

Sabulu fa? Ko in ajiye jarka a but in ja tiyo?

Sabulun wanki da aka murza a kan huji yana tsayar da yoyo har ka isa gida, ruwan sama na farko kuma ya tafi da shi. Jarka a cikin mota kuwa ko zagayen unguwa kada a yi da ita.

Tanki ya yi fes. Sauran hanyar man fa?

Duk wata roba a canja ta, ko da ta yi kyau a ido. Tiyon mai yana da rubutu a jiki: SAE J30R7 na mota mai kafireto, wadda ƙarfin manta bai wuce psi 3 zuwa 4 ba, J30R9 kuma na mai injekta irin 280ZX, inda yake haura 30. Tiyon ruwa ko na gas ɗin girki narkewa yake yi. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya san abin da mugun mai ke yi wa mota. Bututun ƙarfe a hura shi da iska, in ya yi ƙuraje a sake. Tunda tanki yana ƙasa, bututun birki na baya ma yanzu ne hannu zai kai gare su.

Ma'aunin mai a gwada shi da mita ana ɗaga hannunsa a hankali, a girgiza abin da ke yawo a kan man a ji ko ya sha mai, a sa sabuwar roba a bakinsa. Murfin tanki kuma ba kowanne ke hawa ba: motar da ke numfashi ta murfi in ka sa mata marar huji, za ta yi ta mutuwa a hanya, tankin ma yana iya lotsewa.

Ina ake samun kaya?

Notuna, tiyo, samfefa, firaima da faranti ana samu a Dilimi da kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru, makanikai da fanalbita kuma a Farin Gada. Abin da ya gagara a nemi Apo ko Zuba a Abuja, Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Je da tsohon a hannunka. Notin ƙafa da sitiyari a duba lambar kansa, 8.8 ko 10.9, kada a sa na kafinta. Motocin Japan da Jamus awonsu milimita ne, tsofaffin na Ingila kuwa inci.

In za ka yi odar daɓe daga waje, faɗi gefen da sitiyarinka yake. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka motocin da suka shigo kafin nan yawanci sitiyarinsu a dama yake.

Tunda fetur ya yi tsada, in mayar da ita mai gas mana?

Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ake wannan tambaya. Tukunyar CNG ta ƙarfe takan kai kilo 60 ko fiye, za ta cinye but ɗin, ta sauya yadda ƙaramar mota ke shan kwana, kuma sai an huda daɓen da ka gama gyarawa. Motar da za ta fita ranar Asabar da ranar Sallah ba za ta mayar da kuɗin ba.

Tsatsa ta kusa cin lambar casis. In yanke wurin?

Kada ka yanke, kada kuma ka bari a sake buga ta da hannu. A 240Z tana jikin bangon bayan inji, tana farawa da HLS30 ko HS30. Tsofaffin motoci lambarsu ba ta kai harufa 17 irin na 1981 zuwa yau ba. Ɗauke ta hoto kafin aiki, goge ta da burushi mai laushi, shafa fenti marar kauri. Lambar da ta nuna alamar walda a kewayenta doguwar magana ce a shingen 'yan sanda da wajen sabunta takardu.

Na haɗa komai. Yaya fitar farko za ta kasance?

Notunan robobin ƙafa a ƙarasa ɗaure su bayan motar ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Zuba lita biyar kacal, shimfiɗa kwali a ƙasa, ka bar ta ta kwana, da safe ka duba ka sunsuna. Fitar farko a miƙaƙƙen titi marar cunkoso, da abin kashe gobara a gefenka. Hawan Kibo, gangaren nan na hanyar Jos zuwa Abuja, ba wurin gwajin birki ba ne. Tafiyar Abuja sai ta yi makonni tana zagaye cikin gari ba ƙorafi.

Sa matatar mai mai garai-garai tsakanin tanki da famfo, nesa da salansa, ka riƙa leƙa ta. A tankunan farko za ka ga ɗan gari ja, wannan ba komai, canja ta. In ya ci gaba bayan tanki uku ko huɗu, akwai lungun da wanki bai kai ba. Sha mai a gidan mai, ka bar na bumburutu, kuma in za ta yi makonni a tsaye ka ajiye ta da tanki cike, a kan siminti, a ƙarƙashin rumfar da iska ke ratsawa.